Mawaƙin da ya zama ɗan majalisa a Taiwan: farin jini ne ya kai shi ko jam'iyya?

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman wanda ya san siyasar Taiwan ya warware mini wani abu. Na ci karo da labarin cewa a 2025 gwamnatin Taiwan ta naɗa wani mai suna Freddy Lim wakilinta a Finland, kuma aka ce kafin nan ya yi shekara takwas a majalisar dokokinsu. Da na nemi hotunansa sai ga mutum da gashi har gadon baya, fuska ta sha fenti, yana kan dandamali yana kurma ihu a makirufo. Ashe mawaƙi ne, na kiɗan nan na metal mai tsananin ƙara.

Tambayata biyu ce. Sunan da ya yi a waƙa ne ya kai shi majalisa, ko wata babbar jam'iyya ce ta ɗauke shi ta ɗora? Sannan na ga an ce an yi masa kiranye, masu cewa a cire shi sun fi masu cewa a bar shi yawa, amma ya ci gaba da zama a kujerarsa. Wannan lissafi bai shiga kaina ba.

Injiniya Na-Taipei ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na yi karatu a Taipei, kuma ina can lokacin da mutumin nan ya shiga siyasa, don haka bari in ba ka abin da na gani da abin da na bibiya bayan na dawo.

Ka fara ajiye maganar fenti da gashi a gefe. An haifi Lim a Taipei a 1976, lokacin tsibirin yana ƙarƙashin dokar soja da jam'iyyar KMT ta Chiang Kai-shek ta kafa a 1949, ba a ɗage ta ba sai 1987. Shekara 38 ke nan. A makarantun wancan zamanin harshen Mandarin kaɗai aka yarda da shi, yaron da aka kama yana magana da harshen gidansu, wato Taiwanci, ana hukunta shi ko a ci shi tara. Duk wanda ya yi makarantar da ake rubuta sunan masu yin Hausa a aji ya san yadda abin yake ji a rai. Tarihin da ake koya musu kuma na babban yankin Sin ne, koguna da daulolin da ba su taɓa gani ba. Abin da ya faru a garuruwansu ba ya cikin littafi.

A 1995 ya kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Chthonic. Abin da mutane ba sa lura da shi idan suka ga hotunan shi ne me ake faɗa a cikin ihun. Waƙoƙinsu tarihin da aka hana koyarwa ne. Sun yi waƙa a kan tawayen ƙabilar Seediq a 1930, lokacin da Japan ke mulkin tsibirin. Sun yi a kan samarin Taiwan da aka ɗiba aikin soja a rundunar Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Sun yi a kan kisan watan Fabrairun 1947, wanda ya faro daga dukan da jami'an gwamnati suka yi wa wata bazawara mai sayar da taba sigari a Taipei, jama'a suka fusata, aka kawo sojoji daga babban yanki suka hallaka dubban mutane. Shekaru da yawa ko ambaton wannan rana ba a yi a fili. Da Taiwanci yake rera da yawa daga cikinsu, kuma suna haɗa jita da wani goge mai tsirkiya biyu da suke kira erhu. Ni kiɗan bai taɓa yi mini daɗi ba, amma abokan karatuna da yawa a bakinsa suka fara jin sunan Mona Rudao, jagoran tawayen Seediq.

Ban da waƙa, daga 2010 zuwa 2014 shi ne shugaban reshen Amnesty International na Taiwan. Ya shirya bukukuwan kiɗa na goyon bayan Tibet, yankin da ke ƙarƙashin mulkin Sin. Kafin ya nemi ƙuri'ar kowa an riga an san matsayinsa: yana son Taiwan ta tsaya a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta, ba ya ɓoyewa.

Abin da ya juya rayuwarsa ya faru ne a watan Maris na 2014. Gwamnatin Shugaba Ma Ying-jeou ta KMT ta ƙulla yarjejeniyar buɗe harkokin kasuwanci da Sin, wani ɗan majalisarsu mai jagorantar zaman kwamiti ya sanar da cewa an gama nazarinta cikin daƙiƙa 30 kacal. Daren 18 ga Maris ɗalibai suka haura katangar majalisa suka mamaye zauren, suka jibge kujeru a ƙofofi, ba su fita ba sai 10 ga Afrilu, bayan kakakin majalisa Wang Jin-pyng ya yi alkawarin ba za a taɓa yarjejeniyar ba sai an yi dokar sa ido. Ni baƙo ne, ban shiga ba, amma na bi ta titunan da ke kewaye. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsari. Ga rumfar likitoci, ga lauyoyi masu ba da shawara kyauta, malaman jami'a suna ba da darasi a kan kwalta, an ware hanyar da motar asibiti za ta bi, shara ma rarraba ta ake yi. Wannan shi ne yunƙurin da aka sa wa sunan furen sunflower. Har yau yarjejeniyar ba ta fara aiki ba.

Daga cikin wannan guguwa aka kafa jam'iyyar New Power Party, NPP, a watan Janairun 2015, kuma Lim yana cikin waɗanda suka kafa ta. Ya tsaya takara a mazaɓa ta biyar ta Taipei, wadda ta haɗa Wanhua da wani ɓangare na Zhongzheng. Wanhua tsohuwar unguwa ce, ita ce tushen birnin, can haikalin Longshan yake, ga tsofaffin kasuwanni, ga dattawa da masu ƙaramin ƙarfi. Ba wurin 'yan gayu ba ne. Abokin hamayyarsa Lin Yu-fang na KMT tsohon hannu ne, ya yi kusan shekara 20 a majalisa, masani a harkar tsaro. Ranar 16 ga Janairun 2016 Lim ya kayar da shi da ratar ƙuri'u kimanin 6,000.

To ga amsar tambayarka ta farko. Waƙa ta sa an san shi, ta jawo masa matasa masu aikin sa kai, har taron kiɗa ya yi a dandalin da ke gaban ginin tunawa da Chiang Kai-shek ana saura makonni zaɓe. Amma waƙa kaɗai ba za ta ba shi Wanhua ba. Babbar jam'iyyar adawa ta lokacin, DPP, ba ta tsayar da kowa a mazaɓar ba, ta bar masa fili, kuma shekarar ce Tsai Ing-wen ta lashe shugabancin ƙasa, DPP ta samu kujera 68 cikin 113, karon farko da DPP ta samu rinjaye a majalisar. NPP ta samu 5. Iska ce ta kaɗa, shi kuma ya riga ya shirya tun shekaru 20 baya.

Baban Sadiq ya amsa:

Injiniya, da bakinka ka faɗi maganar. DPP ta janye masa, ita ta ba shi. A ganina wannan ɗan amshin shata ne aka sa masa rigar wata jam'iyya don a yaudari matasa. Kuma ai na karanta cewa daga ƙarshe DPP ɗin ya koma. Ina bambancinsa da sauran 'yan siyasa da ke fara ihun canji su ƙare a gindin masu mulki? Ka faɗa mana abin da ya yi a majalisar, ba abin da ya rera ba.

Injiniya Na-Taipei ya amsa:

Baban Sadiq, maganarka tana da ƙamshin gaskiya, kuma wasu 'yan NPP ɗin ma haka suka faɗa a kansa. Amma ka duba yadda tsarin yake. Cikin kujeru 113, guda 73 mazaɓu ne masu ɗan majalisa ɗaya, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauka. Guda 34 ana raba su ga jam'iyyu bisa ƙuri'ar jam'iyya, sai wadda ta kai kashi 5 cikin 100 take samu, kuma dole rabin waɗanda kowace jam'iyya ta tura ta wannan hanya su zama mata. Sauran 6 na 'yan asalin ƙabilun tsibirin ne. A irin wannan tsari ƙaramar jam'iyya ba ta cin mazaɓa sai babba ta kauce mata. Idan ba haka ba, su raba ƙuri'a, na uku ya wuce.

Wannan shi ne ya fasa NPP. Wani ɓangare, ƙarƙashin Huang Kuo-chang, malamin shari'a kuma ɗaya daga jagororin mamaye majalisa, yana ganin aikinsu shi ne su riƙa caccakar DPP kamar yadda suke caccakar KMT. Shi kuwa Lim yana ganin babbar barazana ita ce Sin, don haka a zaɓen shugaban ƙasa na 2020 dole a fito fili a mara wa Tsai baya. A watan Agustan 2019 ya fice daga jam'iyyar da ya kafa, ya tsaya a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, ya sake kayar da Lin Yu-fang, duk da ƙuri'unsa ba su kai rabi ba a wannan karon. DPP bai shiga ba sai ƙarshen 2023, lokacin ya riga ya sanar da cewa ba zai sake takara ba. Wanda ya sauya sheƙa don kujera ba ya jira sai ya bar kujerar.

Ka kuma duba inda ɗaya ɓangaren ya ƙare. NPP ta sauko zuwa kujera 3 a 2020, a 2024 ba ta samu ko ɗaya ba. Huang ya koma jam'iyyar TPP ta tsohon magajin garin Taipei Ko Wen-je, har ya zama shugabanta, kuma a majalisar da aka zaɓa a 2024 da KMT yake haɗa kai, jam'iyyar da ya haura katanga don ya tare. Idan sauyin matsayi ake nema, can ya fi fitowa. Lim abin da yake faɗa a dandamali a 1990 da wani abu shi yake faɗa a majalisa, kuma wannan ne ya sa nake ganin girmansa, duk da akwai ra'ayoyinsa da ban tafi a kansu ba, irin su neman soke hukuncin kisa, da goyon bayan da ya ba dokar auren jinsi ɗaya da aka zartar a watan Mayun 2019.

Batun aiki kuwa, ya zauna a kwamitin harkokin waje da tsaro. Shi ya jagoranci kafa rukunin 'yan majalisa masu goyon bayan Tibet a 2016, kuma a shekarar ya je Dharamsala a Indiya ya gana da Dalai Lama, jagoran addini na mutanen Tibet. A 2018 hukumomin Hong Kong suka hana shi bizar shiga yin wasa. Yana cikin masu tsayawa kan dokokin bin kadin zaluncin zamanin mulkin jam'iyya ɗaya, da dokar bunƙasa harsunan ƙasa ta ƙarshen 2018, wadda ta ba Taiwanci da Hakka da harsunan ƙabilu matsayin doka. A shekarar da ta biyo baya aka buɗe tashar talabijin ta gwamnati mai watsa shirye-shirye da Taiwanci. Yaron da aka koya wa jin kunyar harshen gidansu ya tsaya a majalisa yana kare shi.

Sai dai a nan ne kuma rauninsa yake, kuma zan faɗa ba tare da kara ba. Duk waɗannan manyan batutuwa ne na ƙasa da na duniya. Mai sayar da kifi a Wanhua ba Tibet ce damuwarsa ba. Ɗan majalisar mazaɓa a Taiwan ana auna shi ne da ƙafa: ya je jana'iza, ya je ɗaurin aure, ya halarci bikin haikali, ofishinsa ya kasance a buɗe ga mai matsalar fansho ko rikicin fili, ya san masu unguwanni ɗaya bayan ɗaya, su ma zaɓensu ake yi kuma suna da tasiri. Ƙorafin da ya yi ta binsa shi ne ba a ganinsa a ƙasa yadda ya kamata.

Maman Husna ta amsa:

Malam Injiniya, Allah ya ƙara sani. Amma har yanzu ba ka amsa wa yaron nan tambayarsa ta biyu ba, kuma ni ita ce ta tsayar da ni. A nan gida dai mun san kiranye a takarda yake. Sashe na 69 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ce sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Mun ga yadda ta kaya a Kogi ta Yamma a 2018 da aka nemi a dawo da Sanata Dino Melaye gida, sa hannun da aka iya tantancewa bai kai kashi 6 cikin 100 na masu rajista ba. Su can ya ake yi har ake kaiwa ga jefa ƙuri'a? Kuma ta yaya mutum zai sha kaye a akwati amma ya tsira?

Injiniya Na-Taipei ya amsa:

Hajiya, kin yi gaskiya, ga ta nan.

A ƙarshen 2016 aka sassauta dokar kiranye, kuma NPP ɗin su Lim tana sahun gaba wajen neman a sassauta. A da sai rabin masu zaɓe sun fito kafin ƙuri'ar ta yi aiki, abin da kusan ba ya yiwuwa. Sabuwar doka ta ce kashi 1 cikin 100 na masu zaɓen mazaɓa su gabatar da buƙata, kashi 10 su sa hannu, sai a saka rana. Ranar ƙuri'a sharaɗi biyu ne: masu cewa a cire su fi masu cewa a bari, kuma yawansu ya kai kashi 25 cikin 100 na duk waɗanda suka cancanci zaɓe a mazaɓar. Ba a yi wa mutum kiranye a shekararsa ta farko, kuma idan ya tsallake ba a sake yi masa a wannan zangon.

Wanda aka fara gwada dokar a kansa cikin 'yan majalisa shi ne Huang Kuo-chang a ƙarshen 2017, ya tsira. A watan Yunin 2020 mutanen Kaohsiung suka tsige magajin garinsu Han Kuo-yu na KMT da ƙuri'a sama da 900,000, saboda ya bar musu gari ya tafi neman shugabancin ƙasa bai ko shekara a ofis ba. Daga nan magoya bayan KMT suka shiga ramuwa. A watan Oktoban 2021 suka cire Chen Po-wei a Taichung, ɗan majalisar ƙasa na farko da kiranye ya ci. Na gaba a layi shi ne Lim.

Kuma ya ba su abin riƙewa. A watan Mayun 2021 annobar korona, wadda Taiwan ta daɗe tana tarewa, ta ɓarke, kuma Wanhua ce cibiyarta, daga gidajen shan shayi na unguwar. Kasuwanni suka mutu, aka riƙa ƙyamar mutanen unguwar. A watan Yuli aka samu masu cutar a kasuwar Huannan, jami'ai suka je taron manema labarai a wurin, Lim yana tare da su, sai shugaban 'yan kasuwar ya tare shi a gaban kyamara ya wanke shi tas, yana zarginsa da cewa bai damu da su ba sai yanzu da 'yan jarida suka zo. Bidiyon ya zagaye ƙasar. Ga kuma goyon bayan da ya ba gwamnati kan shigo da naman alade daga Amurka mai ɗauke da sinadarin ractopamine, batun da ya yi zafin da har 'yan KMT suka watsa kayan cikin alade a zauren majalisa a watan Nuwamban 2020.

Ranar 9 ga Janairun 2022 aka jefa ƙuri'a. Masu cewa a cire shi 54,813. Masu cewa a bar shi 43,340. Amma kashi 25 ɗin da doka ta nema shi ne 58,756. Ƙasa da ƙuri'a 4,000 suka rage a kai. Sharaɗi na farko ya cika, na biyu bai cika ba, sai ya tsira. Ƙanena Ɗan Gwammaja, lissafin ke nan.

Ni a ganina wannan sakamako ya fi nasarorinsa biyu nuna gaskiyar mutumin. Mutum sama da 80,000 ne suka zaɓe shi a 2020, amma da aka ce a fito a kare shi, rabinsu da 'yan kai ne suka fito. Suna son abin da yake tsaye a kai, amma da yawa ba su ji cewa nasu ne ba har su bar aikinsu dominsa. Bayan haka ya ce zai ƙara ƙoƙari a mazaɓa. A watan Maris na 2023 ya sanar da cewa ba zai nemi zango na uku ba, zai kula da wani na jikinsa mai fama da wata cuta da ba a cika samu ba. Wu Pei-yi ta DPP ce ta gaji kujerar a 2024.

Dokar kuwa ba ta huta ba. Han Kuo-yu da aka tsige a Kaohsiung ya dawo majalisa ta jerin jam'iyya, ya zama kakakinta a watan Fabrairun 2024, domin KMT ta samu kujera 52, DPP 51, TPP 8. A 2025 ƙungiyoyin da ke kusa da ra'ayin DPP suka kai 'yan majalisar KMT 31 gaban akwatin kiranye, 24 a watan Yuli, 7 a watan Agusta, ko ɗaya ba a cire ba. Sa hannun kashi 10 yana da sauƙi ga wanda ke da masu aikin sa kai. Fito da kashi 25 ranar ƙuri'a a mazaɓar da mutum ya yi shekaru yana zuwa jana'iza da biki wani abu ne daban.

Ɗan Gwammaja ya amsa:

Na gode, Yaya, yanzu na gane. Abu ɗaya ya rage. Me ya sa ake ce masa wakili ba jakada ba, kuma me ya haɗa shi da Finland?

Injiniya Na-Taipei ya amsa:

Saboda Finland, kamar yawancin ƙasashen duniya, da Beijing take da hulɗar jakadanci. Abin da Taiwan ke da shi a Helsinki ofishin wakilcin Taipei ne, yana ba da biza, yana kula da ciniki da ɗalibai, amma ba a kiransa ofishin jakadanci. A Afirka ƙasar Eswatini ce kaɗai ta rage mai cikakkiyar hulɗa da Taiwan tun da Burkina Faso ta janye a 2018. Nijar ma ta taɓa yi daga 1992 zuwa 1996. A Najeriya ofishin kasuwanci ne, kuma a 2017 gwamnatin tarayya ta umarce shi ya tashi daga Abuja ya koma Legas.

Zaɓen Finland kuwa ba a kan kuskure aka yi ba. Ƙasa ce da kiɗan metal ya yi ƙarfi ƙwarai, kuma kamfanin Spinefarm na can ya fitar da faya-fayan Chthonic, sun yi wasa a ƙasar, yana da sanayya da mutanenta tun kafin ya shiga siyasa. Ƙasa ce kuma mai ƙaramin yawan jama'a da ke zaune a gefen Rasha, wadda ta shiga ƙungiyar NATO a 2023, don haka idan ya yi musu maganar zama kusa da babban maƙwabci ba sai ya yi dogon bayani ba. 'Yan adawa sun soki naɗin da cewa ba shi da horon diflomasiyya, magoya bayansa suka nuna shekarun da ya yi a kwamitin harkokin waje. A nawa ganin wannan aikin ya fi dacewa da shi fiye da kujerar Wanhua.